Itatuwan Komadugu da idon da ke kallon su daga sama



Darasinmu na wannan fitowa a kan itatuwa ne. Ku karanta shi sannu-sannu, kashi bayan kashi. In an gama kashi ɗaya, a tsaya a tattauna kafin a wuce gaba. A ƙarshe akwai tambayoyi da ɗan lissafi.

Kwanan baya, a wata cibiyar yaƙi da jahilci kusa da Difa, gardama ta tashi. Wata uwa ta ce daji ya ƙare. Da can kafin hantsi ta yo itace ta komo gida, yanzu kuwa sai azahar. Wani tsohon masunci da ya daɗe a bakin tabki ya ce a'a, daji ƙaruwa ya yi, har ya hana kwale-kwale wucewa. Kowa ya tsaya a kan bakansa. To, wa ke da gaskiya? Dukansu biyu da gaskiyarsu. Wannan darasi zai nuna muku dalili.

1. Koginmu

Komadugu Yobe daga Najeriya yake fitowa. Kogin Haɗeja ya taho daga wajen Kano. Kogin Jama'are ya gangaro daga duwatsun Jos. Suka gamu suka zama kogi ɗaya. Kogin nan shi ne iyakarmu da Najeriya na tsawon wajen kilomita 150. Ya bi ta gefen Difa, ya je ya faɗa Tabkin Cadi kusa da Boso.

Ruwan sama a Difa bai cika wuce milimita 300 a shekara ba. Saboda haka arzikin kwarin nan a jikin kogi yake: tattasai, shinkafa, albasa, masara, kifi, da wurin shan bisashe. An gina madatsar ruwa ta Tiga a shekara ta 1974, da ta Calawa a 1992, duka a jihar Kano. Tun daga nan zuwan ruwa ya canja. Wannan ba ya hannun manomin Difa. Amma itatuwan bakin kogi da na gona, su kam suna hannunsa.

2. Aikin da icce ke yi mana

Amfanin icce iri biyu ne.

Na farko shi ne wanda ake ɗauka a kai gida ko kasuwa. Akwai itacen girki da gawayi da na rufin ɗaki. Goriba tana ba da 'ya'ya, kabarta kuma ana tabarma da igiya da ita. Dakwara tana ba da ƙaro. Majema suna jima da bagaruwa. Akwai tsamiya, aduwa, kanya da magarya. Akwai ganye da 'ya'yan gawo na bisashe lokacin bazara. Akwai magunguna.

Na biyu shi ne aikin da icce ke yi shiru, ba mai biyan sa:

- Saiwarsa tana riƙe gaɓar kogi, kada ruwa ya zaftare ta.
- Yana rage ƙarfin iska, kada yashi ya binne shuka.
- Ganyensa yana ruɓewa ya zama taki. Bisashen da suka kwanta a inuwarsa su ma suna barin taki.
- Saiwa da gara suna huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu.
- In kogi ya cika ya shiga kurmin bagaruwa, ƙananan kifi suna samun maɓoya da abinci.
- Ƙudan zuma suna samun fure.

Wannan aiki na biyu ba a lura da shi sai ran da aka rasa shi. Shi ya sa masana suka nemi hanyar auna shi a ƙasa mai faɗi, shekara da shekaru.

3. Menene tauraron ɗan'adam?

Na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba sama, tana kewaya duniya dare da rana. Wasu aikinsu kai magana ne, kamar na waya da talabijin. Wasu kuma aikinsu ɗaukar hoton ƙasa.

A shekara ta 1972 Amurka ta harba tauraro na farko mai suna Landsat. Tun daga lokacin ana maye gurbin tsoho da sabo, hoto bai yanke ba. Landsat na yanzu yana tafiya a nisan wajen kilomita 700 daga ƙasa. Wato kamar daga Difa zuwa Maraɗi a hanyar mota, amma a tsaye. Kowane kwana 16 yana komowa bisa wuri ɗaya. A shekara ta 2008 aka buɗe tarin hotunansa, kowa ya duba kyauta. A 2015 ƙasashen Turai suka harba nasu, Sentinel-2. Da aka ƙara masa abokin tafiya a 2017, sai hoton wuri ɗaya ya riƙa zuwa kowane kwana 5.

Hoton tauraro kamar tabarma yake. In ka matso kusa sai ka ga ɗigo-ɗigo ne aka jera. A hoton Landsat, ɗigo ɗaya fili ne mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. A na Sentinel-2, mita 10 da mita 10 ne.

Yaya tauraro ke gane icce? Hasken rana launi-launi ne, kamar yadda muke gani a bakan gizo. Bayan ja akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, amma na'ura tana gani. Ɗanyen ganye yana shan jan haske, yana mayar da ɓoyayyen hasken nan sama da ƙarfi. Yashi yana mayar da su duka biyu kusan daidai. Ruwa kuwa shanye shi yake yi, sai ya fito baƙi. Ta haka ake rarrabe ganye da yashi da ruwa.

Da damana ko'ina kore ne, ciyawa da hatsi da itatuwa sun gauraya. Don haka mai neman itatuwa hoton rani yake dubawa, bayan ciyawa ta bushe. A irin wannan hoto, Komadugu kamar koren zare yake a cikin farin yashi.

Hoto ɗaya ba ya faɗin komi mai yawa. Sai an ajiye na da kusa da na yanzu sannan ake ganin canji. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun shekara ta 1974. Tana bin sawun ruwan sama da ciyawa da amfanin gona da irin waɗannan hotuna, don ƙasashen Sahel. A shekara ta 2023 wasu masana suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya a hotuna masu kaifi ƙwarai, tun daga tekun Senegal har Bahar Maliya. Suka samu kusan biliyan 10, wato miliyan dubu 10. Itatuwan ƙasarmu suna ciki.

4. Abubuwa huɗu da aka gani

*Na ɗaya: dajin da ya fi ƙarfin masu shi.* A shekara ta 1963 faɗin ruwan Tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25. Farin 1973 da na 1984 suka zo. Hotuna sun nuna yadda kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan ya tafi. Ɓangarenmu na arewa ya bushe ƙaƙas a wasu shekaru. A 1977 aka dasa wani icce mai ƙaya wajen Ngigmi don a tsayar da yashi. Sunansa purosopis, asalinsa daga nahiyar Amurka. Filin da aka dasa bai wuce hekta 10 ba. Bisashe suka ci 'ya'yansa, suka kai irin cikin kashinsu zuwa busasshen tabki. Can ƙasa tana da laima, ya kama. Bayanin da hukumar FAO ta buga a 2004 ya ce ya rufe fiye da hekta dubu 300.

A hoto, wurin ya yi kore shar. Wanda bai sani ba sai ya yi murna. Masunta da manoman tabki su suka san sauran labari. Ƙaya ta toshe hanyoyi, ta cinye gonaki, tana yaga koma. Da ruwa ya komo wasu wurare, itatuwan da suka daɗe a ciki suka mutu, kututturansu suka tare wa jirage hanya. Amma fa icce ne mai ba da itace da gawayi mai kyau, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne in an haɗa da wani abu. Laifin ba na dashe ba ne. An dasa ne, ba a tanadi mai kula ba. Wannan shi ne dajin da tsohon masunci yake faɗi.

*Na biyu: dajin da manoma suka tayar.* A jihohin Maraɗi da Damagaram, bayan farin 1984, manoma da yawa suka daina ƙone kututture lokacin sassabe. Suna zaɓen tsiro mai ƙarfi su bar shi, su sare sauran. Shi ake kira sassaben zamani. Shekaru suka wuce ba wanda ya san girman abin. Sai wani masani na Amurka mai suna Gray Tappan, tare da masanan Nijar, suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan bayan shekara ta 2000. Suka tarar gonaki wajen hekta miliyan 5 sun samu itatuwa, kimanin miliyan 200. Mafi yawa ba dashe ba ne, tsiron Allah ne da aka kiyaye. Gawo yana da yawa a ciki. Kun san halinsa: yana kakkaɓe ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana, hatsin gindinsa kuma ya fi kyau.

*Na uku: yashi da kwarurruka.* A ƙasar Maine-Sorowa da Gudumariya akwai kwarurruka masu ruwa kusa, inda ake samun dabino, goriba, kanwa da kayan lambu. Tsofaffin hotunan jirgin sama sun nuna tuddan da ke kewaye da su da ciyawa da itatuwa. Hotunan baya sun nuna da yawansu sun zama fari fat. Fari ya kashe, gatari ya sare, kofato ya tattake. Tudun da ya yi tsirara tafiya yake yi, har ya faɗa kwari. A wuraren da aka yi aikin tsayar da yashi, ana kafa shinge na kalimbo ko na sandar kaba, ɗaki-ɗaki, a gicciye da iska. Da damana a dasa itatuwa a ciki, a sa mai gadi. Inda aka hana bisashe shiga shekara 2 ko 3, ciyawa tana komowa, farin hoto ya fara duhu. Inda aka janye gadi da wuri, aikin yana lalacewa. Ƙarfin aikin yana ga gadi.

*Na huɗu: Difa da bakin hanya.* A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram suka kawo hari Boso da Difa. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tabki. Mutane fiye da dubu 200 suka rasa mazauninsu, 'yan ƙasa da waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Da yawa suka zauna bakin babbar hanya mai lamba 1, wasu a sansanin Sayam Foraj, wasu a cikin gari. Sababbin unguwannin nan suna fitowa sarai a hoton sama. Kowane gida sai ya dafa abinci, sai ya kafa rumfa, sai ya yi danga. Wanda ya rasa gona da koma, itace ya rage masa abin sayarwa. Ba laifin baƙo ba ne, ba laifin ɗan gari ba ne. Bakuna ne suka yi yawa a kan daji kaɗan. Ga dajin purosopis can tabki inda zuwa ke da hatsari, ga masu bukata a nan. Wannan shi ne dajin da uwar nan take faɗi.

A bakin kogi kuma, neman filin tattasai ya sa wasu suna sassabe har gaɓa. Komadugu ya yi ambaliya mai tsanani a 2019, da 2022, da 2024. A gane da kyau: icce ba ya hana ambaliya. Ruwan daga nesa yake zuwa. Amma gaɓar da ke da saiwa ta fi jure wa ruwa. Gaɓar da aka aske, ruwa yana cin ta taki-taki, tare da gonar da aka yi sassaben dominta.

5. Abin da tauraro ba ya gani

Kada a ɗauka tauraro ya san komi.

Yana ganin kore, amma sau da yawa ba ya rarrabe tsamiya da tumfafiya. Mu kuwa mun san tumfafiya in ta yi yawa, alama ce ƙasa ta gaji. Ba ya ganin ƙaramin tsiro da bai kai gwiwa ba, alhali shi ne dajin gobe. Hadari da ƙurar hunturu suna rufe masa ido. Bai san mai gona ba, bai san burtali ba, bai san sa'a nawa mace ke yi a hanyar itace ba.

Kuma yawan kore ba shi ne yawan amfani ba. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2016, ya nuna haka. Inda ba itace, ruwan sama gudu yake yi. Inda itatuwa suka cunkushe, su ke shanye ruwan. Inda suke tsaka-tsaki, a warwatse cikin gona, nan ne ruwa ya fi sauka ƙarƙashin ƙasa, inda rijiya ke samun sa.

Saboda haka masana ba sa yarda da hoto sai sun sauko sun taka ƙasa, sun ƙirga, sun tambayi mutanen wurin. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, tana koyar da ilimin noma da na muhalli. In ɗalibanta ko ma'aikatan gandun daji suka zo da taswira, ku karɓe su, ku faɗa musu gaskiya. Wata rana da taswirar nan za a yanke shawarar inda za a hana sara da inda za a kai aiki. Garin da bai yi magana ba, za a yanke ba da shi ba.

6. Me za mu yi?

1. A bar ɗamarar itatuwa a gaɓar kogi. Kada sassaben lambu ya kai bakin ruwa.
2. A gona, a yi sassaben zamani. A kowane kututture a bar tsiro 2 ko 3 mafi ƙarfi. A sare sauran da abu mai kaifi, a ɗaura wa na bari ƙyalle don kowa ya san da mai shi.
3. Mai neman ganyen bisashe ya rage reshe, kada ya sare kan icce duka.
4. Mai yankan kaba kada ya taɓa zuciyar goriba. A bar wasu su girma.
5. Itacen girki da gawayi a fara da purosopis, a ƙyale tsamiya da kanya da aduwa. Inda ya cunkushe a rage shi. Wanda za a bari a datse shi ya miƙe da gindi ɗaya. Wanda za a cire a tono shi har ƙarƙashin ƙasa, in ba haka ba zai tofo. A niƙa 'ya'yansa kafin a ba bisashe, don irin ya mutu.
6. A yi amfani da murhu mai tsimin itace. Mai hali ya koma tukunyar gas.
7. Kowane dashe a tanadar masa mai ban ruwa da mai gadi tun kafin a haƙa rami. Ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itace ce. Sauran kwanakin shekara na kulawa ne.
8. A zauna a yi dokar gari, a rubuta ta. A sa bulama ko mai gari, da mata, da makiyaya, da masunta, da baƙin da ke zaune tare da mu. Dokar da aka yi ba da mutum ba, da wuya ya bi ta.

Ga abin da hukuma ta tanada. Tun shekara ta 1974 doka ta sa gawo, dakwara, goriba, tsamiya, bagaruwa da aduwa cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. Ranar 30 ga watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. Kafin ku sare babban icce, ku nemi bayani wurin ma'aikacin gandun daji. Rigimar iyaka ko ta burtali kuwa, a kai ta kwamitin kula da filaye, wanda ake kira kofo.

7. Aikin cibiya

Ku samu igiya mai mita 10. Ku auna fili mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Hekta ɗaya ke nan. Ku ƙirga itatuwan ciki, iri-iri, manya daban, ƙanana daban. Ku rubuta a littafi, da kwanan wata. Ku kira dattawa su faɗi itatuwan da ke wurin kafin farin 1973, ku rubuta su ma. Baɗi war haka ku sake ƙirgawa. Tauraro yana da hotonsa, ku ma ga naku. Amfanin karatu ke nan.

Tambayoyi

1. Ku kawo amfanin icce guda 3 da ba a sayarwa a kasuwa.
2. Don me ake duba hoton rani in ana neman itatuwa?
3. Me ya bambanta dajin Ngigmi da na gonakin Maraɗi?
4. Wane icce ne ya ɓace a garinku? Me ya kawar da shi?
5. Wa ke zuwa itace a gidanku? Sa'a nawa yake ɗauka?

Lissafi

1. Hekta ɗaya mita 100 ce sau mita 100. Murabba'in mita nawa ke nan?
2. Ɗigon hoto mai mita 10 sau mita 10, guda nawa ne a hekta ɗaya?
3. Hekta 10 ta zama hekta dubu 300. Ninki nawa ke nan?
4. Manoma 60, kowa ya bar tsiro 20 a gonarsa. Nawa ne duka? In kashi 1 cikin 4 ya mutu, nawa suka rage?

Za ku samu amsa a fitowa ta gaba. Ku rubuto mana da hannunku abin da kuka ƙirga a filinku, za mu buga. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.